Kwana Hamsin na Samkon Gado

Duk wanda ya zauna a Jos a shekarar 2005 ya san hirar da ta mamaye teburan mai shayi da gidajen kallon ƙwallo: Mikel. Yaron da ya fito daga Plateau United ya je Holan a tsakiyar shekarar, ya kai 'yan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 20 wasan ƙarshe, Ajantina ta doke mu da ci 2 da 1, aka bai wa Messi kyautar zinare, shi kuma ta azurfa. Ga kuma rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin Manchester United da Chelsea a kan wane ne ya saye shi daga Lyn ta Norway. Daga Tamina har Bukur, kowa lauya ne a wannan shari'a.

A ranar Lahadi 13 ga Nuwamba ta wannan shekara, dare ya riga ya yi a Jos, sanyin hunturu ya fara sa mutane neman rigunan sanyi, wani ɗan arewacin Najeriya ya shiga wani rufaffen filin wasa a birnin Atlanta na Amurka. Ranar ce ya cika shekara 23. Kafin a tashi ya ci wa ƙungiyarsa sau uku, washegari sunansa na cikin jaridun wasanni na ƙasar baki ɗaya. A nan gida kuwa, ko a shayin Unguwar Rogo ko na Tudun Wada, ba na jin akwai wanda ya ambaci sunan Samkon Gado. Sunan da Jos ta zo ta sani sosai na mahaifinsa ne, Rabaran Dokta Jeremiah Gado, wanda ya shugabanci ikilisiyar ECWA daga 2012 zuwa 2018, yana zaune a hedikwatarta da ke nan cikin gari.

An haifi Samkon a 1982 a Kufai, ƙasar Tangale, lokacin tana ƙarƙashin tsohuwar Jihar Bauci, tun ba a yanka Gombe ba. Bahaushe in ya ji kufai, abin da ke zuwa masa a rai shi ne gari da mutanensa suka tashi suka bar shi. Iyalin Gado ma sun tashi, kuma hanyar da suka bi tsohuwa ce, an share ta tun kafin a haifi kakanninsa na kusa. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan da bishara. Biyu daga ciki suka mutu a shekarar da ta biyo, Bingham ya tsira, ƙungiyar da ya kafa, SIM, ta samu gindin zama a Pategi a 1902. A 1917 'yan mishan ɗinta biyu, John Hall da Gordon Beacham, suka isa Kaltungo a ƙasar Tangale. Jos kuwa, saboda sanyinta da jirgin ƙasan kuza, ita ta zama cibiyar aikin: ofisoshi, shagon littattafai, gidan hutu a Miyango, daga baya asibitin da kowa ke kira Jankwano. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta dasa suka haɗu suka zama ECWA. Yaro mai ƙwaƙwalwa daga Billiri ko Kaltungo, in ya bi wannan layi, makarantar mishan ce za ta miƙa shi ga makarantar Baibul, ita kuma, in da rabo, ta miƙa shi ga wata a Amurka ko Kanada.

Haka ta faru da Jeremiah Gado. Ya tafi karatu birnin Kolombiya na jihar Karolina ta Kudu, a makarantar tauhidin da yanzu ake kira Columbia International University, daga baya iyalinsa suka bi shi. Samkon yana da shekara tara. Aka sa shi a Ben Lippen, makarantar sakandaren Kirista da ke ƙarƙashin wannan jami'a. Yaron da ya san ƙwallo zagayayya wadda ake bugawa da ƙafa, sai ga shi a ƙasar da ƙwallonta ta yi kama da gwanda, kuma runguma ake yi a gudu da ita.

Wasan yana da wuyar shiga kai ga wanda ya tashi da Firimiya, amma wanda ya san fatauci zai gane shi da sauri. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, fili yadi 100, da masauki na yadi goma a kowane ƙarshe. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci zango na yadi goma. In sun ci, a ba su wasu huɗun. In sun kasa, kaya ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shigar da ƙwallo masauki ya sauke kaya, maki shida ke nan. Madugun ayarin shi ne kwatabak: shi yake karɓar umarnin koci, shi yake karanta tsayuwar abokan gaba, shi yake jefa ƙwallo sama ko ya danƙa ta a cikin wanda ke bayansa. Wannan na bayan shi ne ɗan dako. Aikinsa ya rungume kaya ya kutsa cikin ƙarti masu kilo 130 da ke jiran su kayar da shi, ya tashi, a sake ba shi, sau ashirin ko fiye a yini ɗaya. Madugu yana iya kai wa shekara arba'in yana wasa. Ɗan dako in ya kai talatin, an fara yi masa kallon tsoho. Samkon Gado ɗan dako ne, kuma kusan duk abin da ya same shi a wasan nan ya rataya ne a kan madugai da tsofaffin madugai.

A Amurka ba a cika shiga babbar gasar NFL ba sai ta ƙofar jami'a. Jami'o'in kuma hawa-hawa ne. Na sama, irin su Michigan, suna tara 'yan kallo sama da 100,000 ranar Asabar, kuma a lokacin doka ta ba su damar ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 85. Hawa na biyu 63 ne, kuma kyamarorin talabijin ba su cika leƙa su ba. Gado bai samu gayyata daga manya ba. Ya tafi Liberty da ke Lynchburg a jihar Bajiniya, jami'ar da mai wa'azin nan Jerry Falwell ya kafa a 1971, wadda filinta a lokacin ke ɗaukar mutum 12,000. Ya ɗauki darussan share fagen likitanci, domin abin da ya kai shi ke nan: ƙwallo ta biya kuɗin makaranta, shi kuma ya zama likita ya koma Najeriya.

A Liberty ɗin ma ba shi ne na gaba ba. Dre Barnes da Eugene Goodman suna gabansa, shi na uku. A duk zamansa a jami'ar, wasa biyu kacal aka fara da shi. Shekararsa ta ƙarshe, 2004, raunukan da na gabansa suka ji ne suka buɗe masa hanya, ya ci yadi 901, ya sauke kaya sau 11. Lissafi ne mai kyau, amma a ƙaramar gasa, kuma cikin 'yan wasan jami'o'in Amurka, waɗanda ke kai wa NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba. A watan Afrilun 2005 ƙungiyoyi 32 suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, aka kira suna 255, ba a kira nasa ba.

Kocinsa a Liberty, Ken Karcher, tsohon kwatabak ne da ya san zaman benci ciki da waje. Ya yi wasa a Notre Dame da Tulane, ya kuma zauna a bayan John Elway a Denver, inda ba a tashin mutum daga benci sai in babu yadda za a yi. Shi ya yi ta buga waya yana tallar yaronsa har Kansas City Chiefs ta yarda ta gwada shi. Ƙungiyar tana da dalilai biyu na sauraro. Na farko Christian Okoye, ɗan Inugu da ya je ƙaramar jami'ar Azusa Pacific a matsayin mai jifan faifai, ya koma wannan wasa bayan an bar shi a baya a tawagar Olamfik ta 1984, ya zo Chiefs a 1987, ya kuma fi kowa a NFL da yadi 1,480 a 1989. Na biyu kocinsu, Dick Vermeil, wanda ya taɓa ganin abin da bencin ƙaramar jami'a ke iya ɓoyewa. A 1999, yana St. Louis Rams, kwatabak ɗinsa Trent Green ya ji rauni a gwiwa kafin a fara kaka, ya miƙa ayarin ga Kurt Warner, wanda ya fito daga Northern Iowa, wanda Green Bay ta sallama a 1994, wanda ya yi aikin jera kaya a kanti da dare a kan dala biyar da rabi a awa. Warner ya ci musu kofin Super Bowl a kakar nan.

Sai dai a Kansas City layin ya fi na Liberty tsawo. Priest Holmes na nan, ga Larry Johnson da zai ci yadi 1,750 a wannan kaka. Gado ya ji ciwo a wuya lokacin horo, aka ajiye shi cikin 'yan atisaye, wato mutum takwas da a lokacin ake riƙewa a waje da 53 na ainihi, aikinsu su kwaikwayi abokan hamayyar mako mai zuwa don manya su yi gwaji a kansu. A watan Oktoba aka sallame shi gaba ɗaya.

Can arewa, a Wisconsin, Green Bay Packers tana cikin masifa. Garin bai fi mutum dubu ɗari da 'yan kai ba, bai kama ƙafar Jos ba, amma ƙungiyar da aka kafa a 1919 mallakar magoya bayanta ce, ba ta wani attajiri ba, kuma a can wasan ya kusa zama ibada. Mu 'yan Jos muna alfahari da sanyinmu a gaban Kanawa, amma a filin Lambeau an taɓa buga wasan ƙarshe, ranar 31 ga Disamban 1967, cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. A kakar 2005 'yan dakonsu suka riƙa zubewa kamar ganyen kaka. Najeh Davenport ya karye a idon sawu ranar 9 ga Oktoba. Ranar 17 aka ɗauko Gado cikin 'yan atisaye, don kawai a cike gurbi. Ranar 23 jijiyar cinyar Ahman Green, tauraronsu, ta tsinke. Ranar 30, a Cincinnati, Tony Fisher ya karya haƙarƙari. A wannan wasa aka fara danƙa wa Gado ƙwallo, sau ɗaya, ya ci yadi takwas.

Mako na gaba Pittsburgh ta zo, ƙungiyar da za ta ɗauki kofin kakar. Aka fara da ReShard Lee, ƙwallo ta suɓuce masa tun da wuri, koci Mike Sherman ya waiga benci, babu wanda ya rage sai ɗan Kufai. Aka ba shi kaya sau 26, ya ci yadi 62 da kyar, ya sauke sau ɗaya. Sun sha kashi 20 da 10, amma an ga yaro mai kilo ɗari da ba ya tsoron karo.

Sai ranar haihuwar tasa. Packers ta je Atlanta da nasara ɗaya cikin wasa takwas, mai masaukin baƙi Falcons kuwa ta ci shida, ga Michael Vick, madugun da ya fi 'yan dako da yawa gudu. Madugun Green Bay shi ne Brett Favre, gwarzon gasar sau uku a jere daga 1995 zuwa 1997, wanda bai taɓa fashin wasa ba tun 1992, amma a wannan kaka hannunsa ya rikice, jifansa 29 suka faɗa hannun abokan gaba. Abin da tsohon madugu ke buƙata shi ne wanda zai rage masa kaya. Gado ya ɗauka sau 25, ya ci yadi 103, ya sauke sau biyu da ƙafarsa, na uku kuma Favre ya cilla masa daga kusa. Aka tashi 33 da 25. Mutumin da jami'arsa ta fara wasa da shi sau biyu a shekara huɗu, shi ne ya tsaya a gaban 'yan jarida yana amsa tambayoyi cikin ladabin ɗan fasto. Nan da nan aka ara masa laƙabin Okoye, aka fara sayar da riga mai lamba 35.

Ba a tafi haka sumul ba. Mako guda bayan nan, a gaban Minnesota, ƙwallo ta suɓuce masa, aka mayar da shi benci. Suɓucewar ƙwallo ita ce cutar da ta bi shi a makonnin nan, kuma a wannan sana'a ɗan dakon da ke zubar da kaya ba ya daɗewa. Amma ya dawo a Philadelphia da yadi 111, aka kuma ba shi kyautar sabon ɗan wasan gaba da ya fi kowa a watan Nuwamba.

Wasan da tsofaffin magoya bayan Packers suka fi tunawa shi ne na daren 11 ga Disamba, da Detroit, a Lambeau, lokacin da Jos ke tsakiyar barci. Gado ya ci yadi 171, abin da babu wani sabon ɗan wasan Packers da ya taɓa yi a wasa ɗaya. Ko Eddie Lacy da ya zo da ƙarfinsa a 2013 bai kamo shi ba. Amma abin da ake ba da labari ba gudun ba ne. Ana kunnen doki 13 da 13 a zubi na ƙarshe, Packers na maƙale a bakin nata masaukin. Aka ba Gado ƙwallo, 'yan Detroit suka rufe shi a cikin gidansu. Dokar wasan ta ce in aka kayar da kai da ƙwallo a masaukinka, abokan hamayya sun samu maki biyu, kuma a irin wannan lokaci maki biyu sun isa su kashe wasa. Yana kan faɗuwa sai ya tura ƙwallon gaba. Alƙalai suka fara cewa laifi ne, maki biyun na Detroit ne. Sherman ya tayar da jijiyar wuya, alƙalan suka haɗa kai suka daɗe suna shawara, sannan suka sauya hukunci: abin da yaron ya yi jifa ne halastacce da bai samu mai cafewa ba. Wato na daƙiƙa ɗaya ɗan dako ya zama madugu. Har yau mutanen Detroit suna cewa an yi musu fashi, kuma ni kaina da na kalli hoton bidiyon ban ga laifinsu ba. Packers ta ci 16 da 13 a ƙarin lokaci.

Kwana takwas bayan haka, daren Litinin a Baltimore, jijiyar gwiwarsa ta yage. An ragargaji Packers 48 da 3, har aka cire Favre aka saka wani yaro da ke zaman benci tun farkon kaka, Aaron Rodgers. Shi ma ɗan ƙaramar makaranta ne a asali: da ya gama sakandare manyan jami'o'i ba su kula shi ba, sai da ya yi shekara a kwalejin Butte ta shekara biyu kafin Jami'ar California ta ɗauke shi. Daren da tauraron Gado ya fara dusashewa, na Rodgers ko fitowa bai yi ba, sai da ya ƙara shekara biyu a bayan Favre. Daga 30 ga Oktoba zuwa 19 ga Disamba kwana hamsin ne. A cikinsu Gado ya buga wasa takwas, ya ɗauki kaya sau 143, ya ci yadi 582, ya sauke sau bakwai.

Waɗanda suka ɗaga shi ba su tsira ba. Karcher, wanda ya yi masa talla, Liberty ta sallame shi a ƙarshen wannan kaka bayan ya ci wasa ɗaya tak. Sherman ma aka kore shi da aka tashi da nasara 4 da rashin nasara 12. Sabon koci, Mike McCarthy, ya zo da salon da ke son ɗan dako mai haƙurin jiran ƙofa ta buɗe kafin ya yanka, shi kuwa Gado mai kutsawa ne kai tsaye. Kiɗa ya sauya, rawarsa ba ta dace ba. A watan Satumban 2006, bayan wasa ɗaya, aka yi musayarsa da Vernand Morency na Houston, inda Sherman ya samu aikin mataimaki. Daga nan sai yawo: Miami a 2007, kakar da ƙungiyar ta ci wasa ɗaya cikin 16, St. Louis a 2008 da 2009, Tennessee a lokacin horon 2010, inda aka sallame shi kafin a fara kaka. In aka tara duk abin da ya ci a NFL bai kai yadi 1,000 ba, kuma fiye da rabinsa a kwana hamsin ɗin nan ne.

Amurkawa suna son irin wannan labari, na wanda ba a san shi ba ya wayi gari tauraro, kuma galibi a nan suke tsayawa, su ɗan yi jimamin yadda wutar kara ta mutu. Ina ganin sun karanta shi a juye. Akwai abin da ya faru a hutun 2006, lokacin da sunansa ke kan ganiyarsa a Green Bay. Abokan wasansa sun watse zuwa bakin teku, shi kuwa ya nemi aiki a asibitin Bellin da ke garin, yana taimakon ma'aikatan jinya, yana ɗibar jini, yana tura marasa lafiya a keke. Wasu majinyatan sukan ɗaga kai su ga wanda suka yi wa tafi a watan Disamba ne ke gwada musu hawan jini. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2005 dala 230,000 ne a shekara, kuma matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Wanda ya san wannan lissafi, ya kuma san kuɗin makarantar likitanci a Amurka, zai gane cewa yawon da ya yi daga Houston zuwa Miami zuwa St. Louis tara guzuri ne. Tun ana ɗaukarsa hoto a Atlanta yake gaya wa 'yan jarida cewa likita zai zama, a Najeriya zai yi aiki, su kuma suna rubuta shi a matsayin ɗan ƙarin gishiri a ƙarshen labari.

Wannan haɗi na aji da fili ba baƙo ba ne a Jos, mun dai bar shi ya lalace ne. Segun Odegbami a St. Murumba ya yi sakandare, ya karanta injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Badun, sannan ya zura biyu a ragar Aljeriya a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 1980. Isma'ila Mabo da Sam Garba, ginshiƙan Mighty Jets da ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972, daga ƙwallon 'yan makaranta aka tsinto su. Yau yaron da ke da ƙafa a Gangare ko Nasarawa Gwom, abu na farko da ake ce masa shi ne ya zaɓa, ko boko ko bal, sai ya bi wani dillali da ya yi masa alkawarin gwaji a Turai. Mikel da Ahmed Musa sun haye, ba a ƙirga waɗanda suka maƙale a hanya da karyayyar gwiwa ba takardar sakandare. Tsarin Amurka ma ba na waliyyai ba ne. Jami'o'i sun shafe shekaru suna kwasar miliyoyi a kan yaran da ba a biyansu albashi, da yawa suna fita ba digiri, wasu da ciwon ƙwaƙwalwa saboda yawan karo. Amma tsarin yana tilasta wa ɗan wasa ya kasance ɗalibi a kan takarda, kuma wanda ya ɗauki takardar da gaske, kamar wannan ɗan fasto, yana fita da abin da gwiwa ba ta iya ƙwace masa.

A 2011 ya shiga makarantar likitanci ta Medical University of South Carolina da ke Charleston, yana dab da shekara 29, a tsakiyar yaran da suka girme shi a karatu ya girme su a shekaru. Shekara ɗaya da fara karatun nasa aka zaɓi mahaifinsa shugaban ECWA, ikilisiyar da asibitocinta, daga Jankwano zuwa Egbe, suka daɗe suna dogara da likitocin mishan da ke zuwa daga ƙasashen waje. Samkon ya gama a 2015, ya zaɓi fannin kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ya haɗa da tiyatar kai da wuya. Wanda ya taɓa raka mai maƙoƙo ko yaro mai ruwan kunne asibiti a arewa, ya ga yadda ake ba da ranar ganin ƙwararre watanni a gaba, ya san fannin ba na ado ba ne. Horon ƙwarewar shekara biyar ne, kuma ya faɗo masa a Jami'ar Saint Louis, garin da ya taɓa zaman benci. Yana shekararsa ta farko a asibitin, a Janairun 2016, Rams ta tattara kayanta ta koma Los Angeles. Shi da 'yar'uwarsa kuma suka kafa ƙungiya mai suna The Jonah Inheritance don aikin lafiya a Najeriya.

Liberty ta girma bayansa. A 2018 ta hau hawan manya, a 2022 aka zaɓi kwatabak ɗinta Malik Willis a zagaye na uku, a 2024 kuma aka sayar da shi ga Green Bay, inda rauni ya kwantar da madugunsu Jordan Love, aka tashi Willis daga benci ya ci wasa biyu a jere. Tsofaffin Lambeau sun tuna cewa ba shi ne ɗan Liberty na farko da ya shigo musu ta ƙofar asibiti ba.

Gado ya gama horonsa a tsakiyar 2020, annobar korona na kan ganiyarta, a fannin da likita ke sa fuskarsa dab da bakin majinyaci. Shekararsa 37. A kakar wannan shekara Mikel yana Stoke City a gasa ta biyu ta Ingila, Aaron Rodgers kuma, yaron da aka saka daren da gwiwar ta yage, ya karɓi kyautar gwarzon NFL karo na uku. Shekara tara a jere Samkon Gado ya yi a aji da ɗakin tiyata kafin a ba shi izinin yanka wuyan mutum ba tare da wani babba na tsaye a kansa ba.